Ranar da Verlene Ta Ara wa Ozella Murya

A bazarar 1971 gobara ta cinye ɗan asibitin wata unguwa a kudancin Memphis, inda ake duba marasa hali kyauta. Verlene Pettiford, mai shagon gyaran gashi a layin, ita ta fara cewa a shirya wasan waƙa a tara abin sake gini. Wata biyu tana fama. Ita ta roƙi fasto filin coci, ita ta nemo makaɗa, ita ta bi gida-gida tana haɗa matan da za su soya kifi.

Sai kwamitin shirya wasan ya ce a gayyato ƙanwarta Ozella daga Detroit.

Tare suka taso suna waƙa a coci, kuma a lokacin kowa ya san Verlene ce mai muryar. Amma da mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, Verlene ta zauna jinya, Ozella ta hau bas. Yanzu ga ta da faifai uku na salon waƙar da ake kira sol, ko ina ka murɗa rediyo ita ce. Da aka buga takardar talla, sunanta ya cinye rabin shafi. Na Verlene yana can ƙasa, kusa da inda aka rubuta za a sayar da kifi.

Ranar Asabar da hantsi Ozella ta iso a wata doguwar mota, cikin riga mai walƙiya. Samarin da ke taya Verlene jera kujeru suka watsar suka ruga. Verlene kaɗai ta ƙarasa, tana dire kowace kujera kamar ta yi mata laifi.

Ana gab da farawa Ozella ta ja ta ɗakin fasto, ta rufe ƙofa, ta cire baƙin tabarau.

"Yaya, ki rufa min asiri. Muryata ta tafi."

"Ta tafi ina?"

"Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro. Ƙasa-ƙasa ina iyawa. In na hau sama, iska kawai ke fita."

Wani daɗi ya ratsa Verlene, har ta ji kunyar kanta. Duk da haka ta ce, "To me ya kawo ki? Ai da kin aiko da hotonki mun kafa a kan kujera, tafi za su yi."

"A asibitin nan aka duba Mama."

"Na sani. Ni nake kai ta."

Ozella ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ki tsaya cikin 'yan amshi. In na ɗaga hannu, ki ja waƙar. Ba mai ganewa."

Verlene ta leƙa ta taga. Fili ya cika maƙil, masu shara da ma'aikatan otal, tsofaffi da fifita a hannu, yara a kan katanga. In ta ƙi, yau duk Memphis za ta san wace ce wace. Ta daɗe tana juya wannan a ranta, yana mata zaƙi. Amma sai bayan waƙar ƙarshe za a zaga da bokitan gudummawa, kuma ta san mutanenta: sai an taɓa musu zuciya hannu ke shiga aljihu. Ta zari rigar 'yan amshi ta zura.

Waƙoƙi huɗu Ozella ta lallaɓa a ƙasa-ƙasa, tana cike giɓi da rausaya da hira. A ta biyar masu ƙaho suka taso, mai ganga ya matsa, Ozella ta juya wa jama'a gefe ta ɗaga hannu sama. Verlene ta buɗe baki. Muryar da ta shekara goma tana kwance ta fito, ta hau, ta ƙara hawa, har wata tsohuwa ta yar da fifita ta fashe da kuka. Fili ya kaure.

"Ozella! Ozella!"

Verlene tana tsaye a baya, gumi na bin wuyanta, tana kallon ƙanwarta tana rusunawa tana dafa ƙirji.

Abin da aka tara ya isa aka fara gini kafin sanyi ya shigo. Wata jaridar gari ta rubuta cewa muryar Ozella ba ta taɓa kai wannan ƙarfi ba. Bayan mako biyu Ozella ta bugo waya tana roƙon Verlene ta biyo ta yawon wasanni, ta riƙa tsaya mata a baya. Verlene ta ce tana da kawunan mutane da za ta gyara, ta ajiye wayar.

Abin da ta yi shi ne ta koma ƙungiyar mawaƙan coci, ta ce a ba ta jan waƙa. Lahadin farko ta rera har fasto ya miƙe tsaye. Ana fitowa wani dattijo mai hidimar coci, Dikin Hosea, ya kama hannunta da hannu biyu, idonsa jawur.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kin san da za ki dage, da kin kusa kamo ƙanwarki?"

Verlene ta dube shi ta ce, "Na gode, Dikin. Zan dage."