Ranar da Aka Ɓoye Cokula

Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, 'ya'yan Baba Tela da jikokinsa sukan haɗu a gidan autansa su ci abincin yamma. Matar autan ce ke girki. Shekararta tara a gidan, da 'ya'ya uku, amma har yau Amarya ake ce mata.

To, sai aka yi wata biyu a jere kujerar Baba ba kowa. Na farko ya aiko cewa mura ce. Na biyu ya ce ƙafa. Kowa ya yarda, ban da Amarya, don ita idonta ya ga abin da ya faru a zuwansa na ƙarshe.

Shinkafa da miya ta yi ran nan. Hannun Baba ya jima da fara rawa, mutumin da a da yakan zura zare a allura yana hira bai ko duba ba. Cokali ya riƙa yin ƙara a bakin faranti, kafin ya kai baki rabi ya zube a farar rigarsa. Yaya Babba, 'yarsa ta fari, ta taso da sauri ta karɓe cokalin za ta ba shi a baki, a gaban jikoki. Ita dai tausayi ne. Baba ya ce ya ƙoshi, ya nemi hularsa.

Amarya ta san in aka yi na uku bai zo ba, shi ke nan, ya daina zuwa.

Ta kwana biyu tana juya abin da za ta dafa. Taliya? Wannan ko mai lafiyar hannu sai ya yi kokawa da ita. Wake da shinkafa, su ma sai da cokali. Mijinta ya ce a yi wa Baba nasa daban mana. Ta ce ai nasa daban ɗin ne ba ya so.

Ran Juma'a ta shiga kasuwa ta zaɓo ƙananan dankali, masu shiga baki ɗaya. Ta sa mai kaji ya yanka mata gutsi-gutsi. Ta sayi burodi, ƙwai, karas da kankana, da kofuna goma sha biyu masu kauri, masu faɗin mariƙi. Da ta dawo ta kwashe cokulan gidan kaf, ta ƙulle a ɗankwali, ta tura ƙarƙashin gado.

Kiran waya kuwa 'yarta ta bari ta yi, 'yar shekara shida da ake ce wa Aku saboda surutu. Ita ce ke kiran kakan nata Angona. Aku ta shaida masa cewa in bai zo gobe ba ta fasa auren, za ta koma wajen mai kankana, shi haƙoransa ma sun fi yawa. An ji dariyar tsohon har daga tsakar gida. Ya ce zai duba.

Ya zo. A makare, cikin riga mai duhu, hannun dama a aljihu.

An shimfiɗa leda a tsakiyar falo, an jera manyan tire uku. Dankali ya sha mai da albasa, kaza ta gasu har tana sakin ƙashi, ga burodi an yanka ƙanana an cusa soyayyen ƙwai a ciki. Romon karas mai kauri kuma yana cikin kofuna, kowane kofi rabi, tun daga na Aku har na maigida. Yara suka wanke hannu suka faɗa wa tire, murna kamar me, yau ba mai ce musu su riƙe cokali da kyau.

Yaya Babba ta waiga hagu, ta waiga dama, ta tambayi ina cokula. Amarya ba ta iya ƙarya ba. Ta sunkuyar da kai ta ce yau dai babu. Yaya ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai idonta ya faɗa kan mahaifinta. Ya fito da hannun, ya ɗauki dankali ɗaya. Hannun na rawa, dankalin kuwa bai je ko'ina ba sai baki. Yaya ta naɗe hannun rigarta, ta ce da ma abinci ya fi daɗi da hannu.

Baba ya tallabi kofi da hannu biyu ya kurɓa. Romon ya yi ta kaɗawa a ciki, bai kai bakin kofin ba balle ya zube. Aku kuwa nata ta kifar a cinya, kakan ya ce wace irin amarya ce wannan, ko shan romo ba ta iya ba. Sau biyu ana ƙara masa kaza. Har labarin wandon da ya taɓa ɗinka wa wani mai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo sai da ya bayar, labarin da kowa ya haddace, aka kuma yi dariya kamar yau aka fara ji.

Da zai tafi, Amarya ta rako shi bakin ƙofa ta durƙusa ta miƙa masa takalmansa. Ya daɗe yana saka su.

"'Yata," ya ce a hankali, "shekara arba'in ina awo. In an yanka abu daidai jikin mutum, ina ganewa."

Ta rasa inda za ta sa idonta. "Baba, ai yara ne suka fi son..."

"Allah ya yi miki albarka. Wata mai zuwa ki fito wa mutane da cokulansu, kar Yayarku ta rame." Ya gyara hularsa. "Ni dai a ajiye min kofina."

Da ta koma ciki ta ware kofin daga sauran, ta wanke, ta ɗora a saman kabad inda hannun Aku ba ya kaiwa.