Ƙofa ta Tamanin

A shekarar 2007, a shagon intanet ɗin mahaifinta da ke unguwar Diguel, kwamfuta ɗaya ce mai lafiya, sauran duk sai lallashi. A kanta Kausar ta sa Apache, manhajar da za ta mai da kwamfutar sabar da ke fito da shafuka ko babu intanet. Aikinta ne na kammala makaranta, malaminta zai zo dubawa ranar Asabar, in bai gani ba kuwa sai ta maimaita shekara.

Ta sa, ta cire, ta sake sawa, fitilar sabar da ke kan allo tana nan ja wur. Kausar kuwa akwai taurin kai, tun tana ƙarama ba a ƙwace mata abu a hannu. Ta bi bayanan kuskure layi-layi har ta gano matsalar. Sabar tana neman ƙofa ta tamanin ne, wato lambar hanyar da saƙonni ke bi su shiga kwamfuta, wata manhajar kiran waya kuma ta riga ta tare ƙofar. Maganin a fili yake, a rufe manhajar kira.

Nan gizo ke saƙa. Tun da yayanta Junaid ya tafi Libiya, sau ɗaya ya kira, ta wannan manhajar. Daga ranar Inna ta kafa dokar kada a rufe ta. Kullum bayan la'asar takan zo ta zauna da carbinta, tana jiran sunansa ya koma kore a allo, alamar ya hau layi.

"Inna, minti biyar kacal zan rufe."

"In ya kira a minti biyar ɗin fa? Kalas, shi ke nan, ki bar maganar."

Ran Kausar ya ɓaci, amma tausayin tsohuwar ya fi ƙarfinta. Ta ce to, in ƙofar ta Junaid ce, ita za ta matsa. Ta buɗe fayil ɗin saiti, ta mai da 80 zuwa 8080, ta sake tayar da sabar.

Fitilar ta koma kore. Kafin Kausar ta buɗe baki, Inna ta miƙe zumbur, carbin ya faɗi ƙasa.

"Shi ne?"

"A'a, Inna. Aikina ne ya tashi."

Inna ta daɗe a tsaye tana kallon allon. Sannan ta duƙa ta ɗauki carbinta, ta ce, "Allah ya yi albarka," ta koma ta zauna.