Tsufan Yabawa da Ɓerayen Balkisa

Malam Lawali, mai karantar da manya a Gure, ya yanke shawarar da zuciyarsa ba ta so: ranar kasuwa zai sa matarsa Yabawa a motar Bune, ta je gidan wanta ta huta. Kowa a unguwa ya san inda irin wannan hutu yake ƙarewa.

Lamarin ya faro tun da jininta ya ɗauke. Zufa takan keto mata ko da sanyin asuba, ta kwara wa kanta ruwan randa, ta yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ta zauna tana hawaye. Malam ya yi mata rubutu, ya yi tofi, ya kai kukansa ga Ubangiji. Da bai ga sauyi ba, sai ya auna ta da kansa. Ai ya girme ta nesa ba kusa ba, gemu ya yi fari, gwiwa ta yi nauyi, amma tsufa bai taɓa sa shi jifa da ludayi ba. Ashe dai gajiya ta yi da zama da shi.

Ana cikin haka ƴarsu Balkisa ta zo hutu daga jami'a a Damagaram, inda take nazarin jikin tsofaffin ɓeraye, aikin da Malam ba ya son a ambata gaban almajiransa. Ta same shi da hantsi yana liƙe ramin ɓera a gindin rumbu.

"Ga mutanenki sun ci mini gero," in ji shi. "Duk halittun Allah, ki rasa wanda za ki zauna gabansa sai mai gaigayar littattafai?"

"Baba, namu farare ne, masu ladabi."

"Madalla. To, me malaman naki suka karantar da ke?"

Ta durƙusa gefensa. Ta ce a gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu, na ɓera bai fi ƙwayar dawa ba, shi ke sakin sinadaran da ke yi wa jiki umarni a kan girma da haihuwa da ruwan nono. Takan yanka shi siriri ta duba a madubin likita. A tsohuwar mace wasu ƙwayoyinsa sukan yawaita, wasu su ja baya. A tsohon namiji sauyin yakan bi wata hanya dabam.

Malam ya daina murza laka. "Ko da rana ɗaya aka haife su?"

"Ko da ciki ɗaya suka fito, Baba. Ɓera ba mutum ba ne, ba zan ɗora maka nasa a kan Inna ba. Amma mutum ma yana da wannan ƙullutun. A kai ta ga lokotoro a asibiti kafin a kai ta Bune."

Malam ya ajiye lakar da ke hannunsa. Shi da ya yi shekara da shekaru yana bayanin hukuncin haila da na macen da hailarta ta yanke, bai taɓa tambayar kansa yadda jikin yake ji ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya halicci namiji da mace, ya ba kowanne nasa tsufan.

Ranar kasuwa Yabawa ta fito da ƙullin kayanta, fuska a ɗaure, ido ya kumbura.

"Malam, mota za ta cika."

"Ta cika. Uwar Balkisa, ajiye kayan nan. Asibiti za mu, ni da ke."

"Kai? Ka zauna a layin mata?"

"In sun ba ni gefen benci."

Ta dube shi, ta dubi Balkisa da ke ɓoye dariya a mayafi. Zufa ta sake tsattsafo mata a goshi. Malam ya ɗauki maficin da ke kan tabarmarsa ya shiga yi mata fifita, a karkace, irin na wanda bai saba ba.

"Ba haka ake yi ba," in ji ta, amma ba ta karɓe maficin ba.