Tsage Goma Sha Uku

Ranar da Hafizullahi zai tafi Zariya karatun zane, mahaifinsa Malam Lawwali ya sa shi ya rantse ba zai taɓa zana fuskar mai rai ba. Ya rantse, ya kuma riƙe alkawari shekara goma sha biyu. Abin ma daidai ya zo masa. A makaranta ya gamu da masu cewa ka sallami hankali, ka bar hannu ya bi mafarki, da masu cewa in ranka ya ɓaci ka watsa jan fenti ya yi maka ihu. Sai ya haɗa biyun. Zanensa ba mutum, ba dabba, launi ne kawai da kartar wuƙa. 'Yan Abuja su tsaya gabansa suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru, alhali ba abin da suka gane.

To, bakin mutane ba ya hutu. Wani direba ya tare Malam a kasuwar garin Isa, wai ɗansa gumaka yake yi a birni. Malam ya aika a zo da aikin ya gani da idonsa.

Hafizullahi ya iso Sabon Birni da hantsi, ya jingina zane uku a jikin rumbu, ransa fes.

"Ga su nan, Baba. Ko ƙuda babu ciki."

Malam ya sa tabarau, ya tsaya gaban babban, mai baƙi da ruwan ƙasa, an kakkarce shi da ja. Ya duba shi sama da ƙasa. Can ya ɗaga yatsa yana bin kartar ɗaya bayan ɗaya.

"Shida nan," in ji shi. Ya koma ɗaya gefen. "Bakwai nan. Hafizu, wanga ai tsagen Gobirawa na."

Hafizullahi ya yi dariya. "Baba, hannu na yat tai abinai. Ni ban ƙidaya ba."

Malam ya matsa ga na biyu, mai ruwan ɗorawa. Goma sha uku. Na uku a kife tsagen suke, amma goma sha uku ne. Hafizullahi ya daina dariya.

"Ka ga na ƙarshen ga da yak karkace?" Malam ya nuna da yatsa. "Ran suna hannun wanzami yaz zame. Duk garinsu, Tsamaye, mutum guda ad da irinai. Innarka ta, Habi."

Hafizullahi ya ƙura wa kartar ido. Yana ɗan shekara biyar ta rasu, ko hotonta babu, kuma babban baƙin cikinsa a duniya shi ne ya kasa tuna fuskarta. Ya zaro waya, ya shiga buɗe hotunan tsofaffin ayyukansa yana ƙirgawa. Na bara, na shekara takwas, har na farkon da ya yi a Zariya, kowanne da karkatacciyar kartar nan a ƙarshe. Ya zauna a ƙasa daɓas.

"Wallahi ban sani ba, Baba. In kac ce in ƙone su, yanzun ga za ni ƙone su."

Malam bai ko waiwaye shi ba.

"Ba ido, ba hanci, ba baki," ya ce a hankali. "Ko gaban alƙali ba ka karya rantsuwa ba." Ya shafa kartar. "Amma ni na gane ta."

Dattijon da bai yarda ko kalanda mai hoto ta shiga gidansa ba ya sunkuya ya rungumi babban zanen, da ƙyar yake ɗaga shi. Hafizullahi ya zabura zai kama masa, Malam ya girgiza kai, ya nufi ɗakinsa da shi.

"Wanga ba shi komawa Abuja."