Fitilar da Ba Ta Ganin Farfesa

Shekarar da jami'armu ta ɗaura ɗamarar rage cin wuta, aka cire makunnin fitila a kowane ofis na sashenmu, aka maƙala wata 'yar na'ura a silin. In ka motsa, fitila ta kama. In ka natsu, ta mutu. Ni ce sakatariyar sashen, teburina yana bakin baranda, don haka komai a kan idona aka yi.

Sai sanarwa ta biyo baya: duk ofishin da na'ura ta nuna ba a zama cikinsa, za a rufe shi a ƙarshen zango, mai shi ya koma babban ɗakin malamai.

Malamai kuwa ba a koya musu wayo. Wani da muke kira Jirgi, saboda kullum yana hanyar taro, ya ɗaure ƙyalle a jikin fanka mai waiwaye, ya kunna, ya kulle ƙofa ya yi gaba. Kafin ka ce kwabo, rabin barandar ta ɗauka. Ofisoshi ba kowa, fitila tar, fanka na ta kaɗawa. Wai rage cin wuta ke nan!

Farfesan lissafi da ke ofishin ƙarshe shi kaɗai ne ba ya fashi. Tun rasuwar matarsa, gida ya zame masa wurin kwana kawai. Da safe zai zauna gefen taga, ya yi tagumi, ya zuba wa allo ido. Fitila ta jira, ta gaji, ta mutu. Ko a jikinsa.

Na same shi na ce, "Baba, don Allah ku riƙa ɗan motsawa mana. Ko in samo muku fanka irin ta Jirgi?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, da rana tsaka? Ga taga. Tun kafin a haife ki ban taɓa barin fitila tana ci a banza ba. Yanzu da furfurata zan zauna ina ɗaga wa silin hannu?"

"Ofishin fa za su karɓe."

"Ai suna ganina kullum."

To, ganin mutane daban, na na'ura daban. Da na'ura ta nuna ba a zama a ofishin Farfesa, shugaban sashe ya je gaban kwamitin jami'a ya yi magana, aka ce masa in an ɗaga wa ɗaya, sai an ɗaga wa kowa. Jirgi ya tsira da nasa ofishin.

Ranar kwashe kaya, Farfesa ya wuni yana kai da komo, yana shirya littattafai a kwali. Fitilar nan ba ta taɓa wuni a kunne ba sai ranar. Wallahi abin ya ba ni haushi, amma na ci gaba da ɗaure kwalaye.

Da yamma aka fitar da kwalin ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kai hannu bango kamar yadda ya saba shekara da shekaru, ya shafo wurin da makunni yake a da. Wayam.

Na ce, "Baba, mu tafi, za ta mutu da kanta."

Ya ce, "Ba na barin ɗaki da wuta."

Ya sauke hannu, ya tsaya ƙyam. Ni ma dole na tsaya. Daga ofishin Jirgi muna jin fanka tana ta waiwaye. Can fitilar ta mutu. Ya ja ƙofar a hankali don kada ta sake kamawa, ya murɗa makulli, ya miƙo mini.