Wa Ke Harba Bindigar Mai Agogo?

Mai Agogo ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo a wani ɗan shago kusa da tashar mota, kafin idonsa na dama ya fara hazo, ya rufe shagon. Abin da ya rage masa na sha'awa shi ne bindigar kakansa: doguwa, mai ƙanƙarar dutse da ke ƙyasta wuta, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ta haura shekara ɗari da hamsin, amma har gobe tana tashi. Yana da lasisinta, kuma a kabad ɗin ƙarfe take kwana, a ɗakin baƙi. Duk Asabar yakan kai ta filin harbi na ƙungiyarsu ta maharba a bayan gari, ya yi harbi biyar ko shida, ya dawo ya wanke bututun da ruwan zafi zalla, ya shafe da mai.

Wata Asabar da safe ya ɗauko ta, sai ya yi turus. Akwai sukurun da ke riƙe ƙanƙarar, shi kullum yakan ɗaure shi har tsagarsa ta kalli bakin bindiga. Yau a karkace take. Ya maƙala gilashinsa na gyaran agogo a idon da ke gani, ya duba. Ƙanƙarar ta cinye fiye da yadda ya bar ta. Ya sansana bututun, ya ji ƙamshin sabulu.

"Ke," ya kira matarsa, "wa ya shiga ɗakin nan?"

Tana ninke kaya a falo, ba ta ko ɗago ba. "Ɗakin baƙi ne fa, Malam. Kowa shiga yake."

Zuciyarsa ta tafi kai tsaye kan surukinsa, mijin 'yarsa Auta, mai shagon magani. Watanni biyu da suka wuce ya ga yaron yana ɗaukar bindigar hoto da waya, har yana cewa akwai masu neman irinta ruwa a jallo. Mai Agogo bai manta da wannan ba.

Ya yi dabara. Ya auna gwangwanin albarushi a ɗan sikelinsa na aiki, sannan ya manna siririn zare a ƙasan ƙofar kabad, inda sai an durƙusa za a gani. Rana ɗaya ce yake barin gida ya daɗe, Talata, in ya je asibitin ido. Ran Laraba ya durƙusa ya duba. Zaren na nan. Amma shi da yawu ya manna, wannan kuwa da ɗan ɗigon gam. Albarushi kuma ya ragu, kamar na harbi huɗu.

Abin ya tsaya masa a rai. Ba ɓarawo ba ne, ɓarawo ba ya dawo da kaya ya wanke. Mutum ne da ya san shi ciki da waje.

Ran Lahadi da Auta da mijinta suka zo cin abincin rana, ya kasa haƙuri. Ya ajiye cokali.

"Kai, ina kake zuwa ran Talata da safe?"

"Shago mana, Baba."

"Nuna min hannunka."

Surukin ya miƙa hannu yana dariyar yaƙe. Mai Agogo ya juya tafin, ya duba ƙarƙashin farce, bai ga baƙin albarushi ba.

"Mai sayar da magani ai ya san abin wanke hannu," ya ce.

"Haba Baba!" in ji Auta. "Mutumin da ko tayar mota ta fashe sai ya dafe ƙirji?"

"Malam, ci abincinka, yana hucewa," in ji matarsa.

Auta ta ja mijinta suka tafi tun kafin a kwashe kwanuka.

Washegari ya je filin harbi wajen Kofur, tsohon sojan da ke kula da wurin. Ya tambaye shi ko wani ya taɓa zuwa da bindigarsa ba shi ba. Kofur ya sosa ƙeya, ya kalli allunan harbi, ya ce mutane da yawa suna zuwa, shi kuma ba ya riƙe fuska. Mutumin da ya san lambar motar kowa a ka! Mai Agogo ya dawo gida da tabbacin cewa bakinsu ɗaya da surukin.

Talata ta zo. Ya yi shirin asibiti, ya yi sallama, amma da ya kai bakin layi sai ya faɗa shagon aski ya zauna ta inda yake hango ƙofar gidansa. Mai aski ya tambaye shi sau biyu ko a rage masa gashi. Ya jira motar surukinsa har kusan awa guda, ba ta zo ba. Sai ga tasi ta tsaya. Ƙofa ta buɗe, matarsa ta fito rungume da doguwar jakar bindiga.

Abin da ya fara zo masa shi ne an haɗa kai da ita za a sayar. Ya tari wata tasi ya ce a bi su.

A filin harbi suka tsaya. Ya laɓe bayan rumfar Kofur yana kallo. Ta ɗaure mayafinta a kugu, ta toshe kunne, ta ɗura bindigar a natse, Kofur na tsaye gefe hannunsa a baya. Ta kafa ƙotar a kafaɗa. Ƙara ta tashi, farin hayaƙi ya rufe ta. Da hayaƙin ya washe, ko da ido ɗaya ya ga hudar a cikin baƙar da'irar allon. Rabon da shi ya taɓa wannan da'irar an fi shekara.

Ya fito. Kofur na ganinsa ya tuna yana da aiki a can ƙarshen fili.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta.

Ta sauke bindigar, bakinta na kallon alluna kamar yadda doka ta ce. "Wata biyar."

"Makulli fa?"

"Biyu mai kabad ya kawo. Kai ka ba ni ɗaya ka ce in ɓoye, ka manta."

"Kika bar ni na ci mutuncin yaron mutane a gaban matarsa."

Nan ta sunkuyar da kai. "Wannan kam laifina ne. Na so in yi magana, bakina ya yi nauyi." Sannan ta ce, "Shekara talatin da takwas ina share ƙurar kabad ɗin nan, Malam. Ka koya wa maƙwabci, ka koya wa ƙanenka da ko riƙe ta bai iya ba. Ni ko sau ɗaya ba ka ce zo ki gwada ba. Ran da likita ya ce idon ba zai koma daidai ba, na ji kana cewa za ka ba gidan tarihi ita a rataye. Na ce kafin a rataye ta sai na ji yadda take."

Ya karɓi bindigar, ya juya ta, ya miƙa mata.

"Sake, in gani. Wataƙila sa'a ce."

Ta sake. Hudar ta ɗan sauka ƙasa da ta farko, amma tana cikin baƙin.

Da yamma suka je gidan Auta tare. Ita ta fara ba da haƙuri, shi ya biyo baya da nasa, gajere, yana kallon silin. Surukin ya ce ba komai, amma ya yi wata guda bai tako gidan ba. Kofur ma ya sha faɗa a taron ƙungiya kan barin mutum ya yi harbi da bindigar da ba sunansa a takarda, har sai da aka je ofis aka ƙara sunan matar Mai Agogo.

Yanzu tare suke zuwa ran Asabar, harbi uku nata, uku nasa. Mai Agogo ya sayi tef ɗin awo yana sawa a aljihu. Ya ce bai yarda da Kofur ba, yana jin in layinta ya zo, matso mata da allon yake yi.