Ƙofar Hagu

Duk ranar Alhamis 'yan bango na ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'ar sukan haɗu a shagon gasasshen haƙarƙari na Mama Verlene. Teburi ɗaya, kujeru biyar, babu ta baƙo. Su ne ƙattin da ke jeruwa a gaban mai jifan ƙwallo suna tare masa abokan karawa, kuma ba a kiran sunansu a lasifika sai sun yi laifi. Lemuel Tarver ya sha wuya kafin ya sami kujerarsa. A garin nan mai nisa da gidansu na Mississippi, ba shi da wasu dangi sai mutanen teburin nan.

A wannan Alhamis ɗin ba wanda ya yi dariya. Mai jifansu, Brantley Sikes, ɗan gata mai bakin tsiya, ya fito a talabijin bayan an ci su, ya ce bangon kwali aka jera masa.

"Kwali ko?" in ji Hoyt Maddox, na tsakiya kuma babbansu, yana yagar nama da haƙori. "Ranar Asabar zai san kwali. Za mu buɗe masa ƙofa sau ɗaya, abokin karawa ya shigo ya take shi, yadda na gabanmu suka saba yi wa duk mai jifan da kansa ya kumbura. Lem, ta wajenka."

Dole ta wajensa. Lemuel ne a ƙarshen hagu, ɓangaren da mai jifa ke juya wa baya, kuma abokin karawar da Lemuel zai tare ranar shi ne Kessler, wanda ya riga ya kai wasu asibiti a bana.

"Da ka ji na ce lemo, sai ƙafarka ta zame. Shi ke nan," in ji Hoyt.

"Ni ma ba na ƙaunar yaron nan, babba," in ji Lemuel. "Amma ƙafata ba ta zamewa."

"Ji fasto! Kwali fa ya kira ka."

"Na ji. In ɗakin sauya kaya za mu tare shi, ido da ido, ni zan fara shaƙo shi. Ta baya kam, a'a."

Hoyt ya ajiye ƙashin hannunsa. "Bango ba ya rabuwa, mutumina. Ko kana ciki ko kana waje."

Ranar Asabar da la'asar, wasa ya kusa ƙarewa, sun yi wa ƙungiyar baƙi nisa a maki. Hoyt ya duƙa kan ƙwallo ya kwarma ihu, "Lemo! Lemo!" Tsoro Lemuel ya ji ƙwarai, amma ba na Kessler ba, na Alhamis mai zuwa.

Ƙwallo ta tashi. Ya ja ƙafar hagu baya a karkace, ya sauke ƙugu, ƙirji a miƙe, kai sama. Bai yarda ya rankwafa gaba ba, don mai rankwafawa ake fizgewa a jefar. Kessler ya taho ta waje kamar an harbo shi. Lemuel ya jira har ya shigo hannu, sannan ya danna masa tafuka biyu a tsakiyar ƙirji, inda alƙalin wasa ba zai ce riƙo ne ba. Kessler ya murɗa zai shige ta ciki. Abokin da ke daman Lemuel, wanda ya kamata ya toshe gurbin, ya kau da kai. Lemuel shi kaɗai ya rufe wurin da ƙugunsa. Yatsansa ya maƙale a sulken Kessler, ya ji ƙas, bai saki ba. Ya yi ta tura ƙaton har suka wuce bayan Brantley, ya kifa shi a ciyawa.

Brantley ya yi jifansa, suka ci maki, filin ya ɗauki sowa. Ko waiwaye bai yi ba. Da 'yan jarida suka zo, hannunsa ya yi ta yabo, marar kunya, bai san abin da ya wuce ta ƙeyarsa ba.

Ranar Alhamis Lemuel ya shiga shagon da yatsa a ɗaure. Kujeru huɗu ne a teburin, duk da mutane a kai, ba wanda ya ɗaga ido. Abin ya soke shi fiye da karayar. Ya tsaya jim, sannan ya jawo kujera daga teburin maƙwabta, tana ƙara a kan daɓe, ya dasa ta a ƙarshen hagu ya zauna.

"Ba a gayyace ka ba," in ji Hoyt.

"Na sani." Ya miƙa hannu ya ɗauki haƙarƙari mafi girma a farantin Hoyt. "Kessler ya gwada kawar da ni ranar Asabar. Ku kuwa ku huɗu ne. Ku tashe ni."

Ba wanda ya motsa. Daga kicin Mama Verlene ta leƙo da cokali a hannu. "Yara, faranti nawa zan ƙaro?"

Lemuel ya dubi Hoyt cikin ido, yana tauna.

"Biyar, Mama," ya ce.

Ba wanda ya gyara masa.